Wai Sai Mai Kaifin Ƙwaƙwalwa Ke Shiga Jami'a? Amsata Ga 'Yata

Wa alaikumus salam, 'yata. Saƙonki ya iso, kuma da gangan na bar shi ya kwana biyu, don ba na son in ba ki irin amsar da ake ba yaro domin ya yi shiru. Kin ce tun tasowarki kike ganin wata al'ada: a gida mai 'ya'ya da yawa akan ware ɗaya ko biyu a ce su ne masu kai, su za a kai jami'a, sauran kuwa a fara yi musu tunanin abin yi tun ba su gama sakandare ba. Kin ce ke ba ki taɓa zuwa ta ɗaya ba, kullum kina tsakiyar aji, har wani ya ce miki jami'a ba wurin irinku ba ce. Kina so in faɗa miki inda al'adar ta samo asali, da ko akwai gaskiya a cikinta.

Ruwa ba ya tsami banza. Waɗanda suka fara wannan magana ba ƙarya suka shirya ba, abin da idonsu ya gani suka faɗa. A shekarar 1970, idan aka haɗa duniya gaba ɗaya, kusan mutum 10 ne kawai cikin 100 na masu shekarun karatun gaba da sakandare suke samun shiga. A Ingila ma, mai tsofaffin jami'o'i, wajen 1960 abin bai wuce matashi 5 cikin 100 ba. To idan mutum ɗaya ake ɗauka cikin ashirin, wa kike zaton za a ɗauka? Na saman takarda mana. Sai mutane suka yi ta ganin cewa duk wanda ya shiga jami'a shi ne dama yake zuwa na ɗaya, daga nan suka yanke hukuncin cewa karatun ne ba ya yiwuwa sai ga na ɗaya. A nan aka yi tuntuɓe. Kujeru ne suka yi kaɗan, aka ɗora wa ƙwaƙwalwar 'ya'yan mutane laifi.

Bari in ba ki misalin da ya fi gamsar da ni. A ƙasar Sin an dakatar da jarrabawar shiga jami'a ta ƙasa har tsawon shekara goma da wani abu, sai a 1977 aka dawo da ita. Mutum miliyan 5.7 suka zauna, aka ɗauki kimanin 270,000, wato ko 5 cikin 100 ba su cika ba. A 2024 fiye da miliyan 13 suka yi rajistar wannan jarrabawa, kuma yanzu mafi yawan masu zana ta suna samun gurbi a wata babbar makaranta. Ƙwaƙwalwar Sinawa ce ta ninka cikin shekara arba'in da bakwai? A'a, makarantu aka gina, aka ɗauki malamai. Yaron da aka ce ya faɗi a 1977, da a yau aka haife shi da wannan kan nasa, da ya shige ba tare da kowa ya ɗaga ido ya dube shi ba.

Don haka ki fahimci abin da makin shiga yake aunawa. Idan gurbi 100 ne masu nema 2,000, za a ja layi a inda mutum na ɗari ya tsaya. Idan baɗi aka ƙara gurabe, layin ya sauko. Idan masu nema suka ƙaru, ya hau. Shi ya sa a wurare da yawa za ki tarar makin shiga karatun likita ko lauya ya fi na lissafi zalla nesa ba kusa ba, alhali duk wanda ya taɓa zama ajin lissafi na shekarar ƙarshe ba zai ce miki wasan yara ake yi a ciki ba. Cunkoson da ke bakin ƙofa makin yake nunawa, ba ya ba da labarin abin da ke cikin ɗakin.

Kuma kada ki ɗauka marasa boko ne kaɗai ke da wannan tunani. Manyan malamai ma sun faɗa ramin. A 1944 Amurka ta yi doka cewa gwamnati za ta biya wa sojojin da suka dawo daga Yaƙin Duniya na Biyu kuɗin karatu. Shugaban Jami'ar Chicago na lokacin, Robert Hutchins, ya fito fili ya nuna tsoron cewa za a cika jami'o'i da waɗanda ba su dace da ita ba, shugaban Jami'ar Harvard James Conant shi ma ya nuna damuwa. Fiye da tsofaffin sojoji miliyan 2 suka shiga, 'ya'yan manoma da leburori, da yawansu da mata da 'ya'ya. A 1947 su ne kusan rabin sababbin ɗalibai a ƙasar. Suka yi karatu da gaske, har shi Conant daga baya ya yaba musu. Mutanen da ake wa kallon ba su da kan boko, ashe kuɗin makaranta ne ba su da shi.

Ke kuma da kike mace, akwai wani kaso na wannan al'ada da aka daɗe ana jibga wa irinki. A 1890 wata ɗaliba, Philippa Fawcett, ta zauna babbar jarrabawar lissafi ta Jami'ar Cambridge, ta fi duk mazan maki, har da wanda aka ba matsayin na ɗaya. Ba a ba ta digiri ba, domin jami'ar ba ta fara ba mata cikakken digiri ba sai a 1948. Duk tsawon waɗannan shekaru akwai masu rawanin ilimi da ke cewa kan mace ba ya ɗaukar lissafi. Yau a ƙasashe da yawa mata sun fi maza yawa a jami'a. Duk sa'ad da kika ji an ce wasu irin mutane ba a halicce su don karatu ba, ki fara duba wanda ke riƙe da mabuɗin ƙofar.

An ma taɓa gwada cire ƙofar ɗungurungum. A 1969 Birtaniya ta kafa jami'ar karatu daga gida, ta fara ɗaukar ɗalibai a 1971, kuma yawancin darussanta na digirin farko ba a tambayar sakamakon sakandare. Ma'aikata da matan aure da fursunoni suka shiga, ana koyar da su ta rediyo da talabijin da takardun da ake aika musu ta gidan waya. Da yawa sun gama da digiri mai kyau. Da yawa kuma sun yanke a hanya, kuma wannan rabin labarin ne nake so ki riƙe da kyau, don ba na son ki tashi daga karanta wasiƙata kina cewa Baffa ya ce abin ba wuya.

Da wuya. Sai dai wuyar ba a inda mutane ke nuna ta take ba. Na yi shekaru ina koyarwa, na kuma bi sawun ɗalibaina bayan sun bar hannuna. Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne yaro mai saurin hadda, wanda tun firamare ake ce masa haziƙi. Bai taɓa zama awa uku a kan abin da ya gagare shi ba, domin ba abin da ya taɓa gagararsa. Ya shiga jami'a, ba mai duba ko ya zo lakca, ba mai bin sa da bulala, malami ya yi awa biyu yana magana ya ce a je a karanta babi huɗu. Karon farko da ya faɗi gwaji sai ya rikice, ya ɗauka basirar ce ta ƙare, kunya kuma ta hana shi tambaya. Ita kuwa yarinyar tsakiyar aji ta saba da rashin ganewa a karatun farko. Ta san a maimaita, ta san a je wurin wanda ya fi ta a ce ban gane ba. Sau da yawa ita nake gani da rigar yaye ɗalibai a kan lokaci.

Abin da jami'a ke nema a wurinki shi ne tushe da naci. Ki iya karanta shafi ashirin a harshen da ake koyarwa da shi, ki rufe littafin ki faɗi abin da ke ciki da bakinki. Ki iya rubuta shafi biyu da mai karatu zai bi daga farko zuwa ƙarshe bai ɓata ba. Idan fannin kimiyya kike so, lissafin sakandare ya zauna miki daram, ba na haddar daren jarrabawa ba. Waɗannan duk koyonsu ake yi. Ban ce kawuna ɗaya suke ba, Allah ya bambanta bayinsa, akwai wanda ke gane abu tun malami bai rufe baki ba, akwai fannonin da ƙololuwarsu sai 'yan ƙalilan. Amma digirin farko ba ƙololuwa ba ne, kuma ba a ce sai kin zama wadda za ta ƙirƙiro sabon ilimi kafin ki zama ma'aikaciyar jinya ko akanta ko malama ta gari ba.

Game da wanda ya ce miki ba wurin irinku ba ce, ba zan zage shi ba, don mu malamai ma muna wannan kuskure. Wani Bature, John Gurdon, yana ɗan shekara 15 ya zo na ƙarshe cikin yara 250 a darasin ilimin halittu, malaminsa ya rubuta a takardar sakamako cewa burinsa na zama masanin kimiyya abin dariya ne. A 2012 aka ba shi kyautar Nobel a fannin likitanci, kuma ya ajiye wannan takarda cikin firam a ofishinsa. Amma ki yi hattara da yadda ake amfani da irin wannan labari. Malalatan ɗalibai na son cewa ai Einstein ma, shahararren masanin kimiyyar nan, ya faɗi jarrabawar shiga. Gaskiya ne a 1895 bai ci jarrabawar babbar makarantar fasaha ta Zurich ba, sai dai yana ɗan shekara 16 ne, bai kai shekarun shiga ba, kuma a lissafi da kimiyyar fiziks ya yi fice. Ya koma sakandare ya ƙara shekara guda, ya shiga a 1896. Komawar nan ita ce ba sa faɗa.

Yanzu kuma kiɗa ya sauya, sai ga wata sabuwar rawa. Ɗaliban manyan makarantu a duniya sun tashi daga kimanin miliyan 100 a 2000 zuwa fiye da miliyan 230 cikin shekara ashirin, shi ne za ki ji masu cewa ai yanzu kowane daƙiƙi na da digiri. Abin dariyar, bakin da ya ce miki ba za ki iya ba, shi ne gobe zai ce abin ba komai ba ne idan kin gama. Ni na fi damuwa da ɓarnar da tsohuwar al'adar ta yi wa waɗanda ba su je ba. Na san makanikin da zai saurari ƙarar inji ya faɗi abin da ya lalace tun bai buɗe ba, na san 'yar kasuwar da ke riƙe da lissafin bashin mutum hamsin a ka, amma dukansu sun girma suna cewa su ba su da ƙwaƙwalwa, don kawai an faɗa musu haka suna yara. Idan wani cikin ƙannenki ya zaɓi sana'a, ya zaɓe ta don yana so, kada a tura shi can da sunan shi ne marar kai.

Ki aiko mini da sakamakonki na zango uku da suka wuce, darasi bayan darasi. Matsayinki a aji ba ya gaya mini komai, tunda ban san sauran yaran ba. Ina so in ga inda makin ke zubewa. Ki kuma rubuto mini fannoni biyu da ranki ke so, da dalilin kowanne, a shafi guda da hannunki. Idan lissafi ne ke ja miki baya, kamar yadda nake zato, ki zo da littafinki idan an yi hutu mu fara daga inda kika daina ganewa, ko da aji biyu ne baya. Maganar mahaifinki kuma ki bar mini, ni zan same shi. Ki gaida mahaifiyarki da ƙannenki.

Baffanki.