Kwastoma na danna link yana cin karo da 404, in sayi manhaja ko akwai gyaran kyauta?

Tambayoyi uku na ɗauko wannan makon kuma duk wuri ɗaya suka nufa, wato mutum ya shigo shafinka na intanet bai samu abin da ya zo nema ba ya juya.

Ta farko daga wata baiwar Allah ce a Kano: "Salam Malam, ina sayar da atamfa da leshi da shadda, ina da shafi a WordPress da WooCommerce wanda wani yaro ya haɗa min. Kwastomomi suna yawan turo min hoto wai sun danna link ɗin da na tura a guruf ya nuna musu 404. Yaron yace sai na sayi wata manhajar bincike da ake biya da dala duk shekara. Dan Allah in biya?"

Wa'alaikumussalam Hajiya. A'a, kar ki biya tukuna. Matsala biyu aka haɗe miki, ta 404 da ta bincike a cikin shafi, kuma wadda ke damunki yanzu manhajar bincike ba za ta magance ta ba ko ta nawa ce.

Ita 404 lamba ce da saba, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafinki, ke mayar wa wayar kwastoma, ma'anarta shafinki na nan lafiya lau amma wannan adireshin da aka nema babu komai a cikinsa. Irin waɗannan lambobin suna cikin HTTP, ƙa'idar da waya da saba ke magana da ita, tun shekarun 1990, 200 na nufin an samu, 301 na nufin abin ya koma wani adireshi gaba ɗaya, 500 kuma sabar ce da kanta ta rikice. A shago irin naki abin da ya fi jawo 404 shi ne kaya ya ƙare kin goge shi, alhali link ɗin na nan yana yawo a guruf ɗin WhatsApp da Facebook, wata ta tura wa ƙanwarta, ita kuma sai bayan wata biyu da biki ya matso za ta danna. Kinga wannan matar da kuɗinta a hannu ta zo. Kamar mutum ne ya ratsa cunkoson Kantin Kwari ya iso ƙofar shagonki ya tarar a rufe, ba yaron shago, ba maƙwabcin da zai ce masa ai ta koma layin baya, toh me zai tsaya yi, gaba zai yi ya saya a wurin wani.

Saboda haka abu na farko ki daina goge kayan da ya ƙare. WooCommerce, manhajar da ke riƙe da shagonki a WordPress, na da wurin da za ki nuna kaya ya ƙare, shafinsa na nan da hotonsa, a ƙasa kuma ga makamantansa, mai neman leshi ruwan toka ta ga babu amma ga wani mai kama da shi. Waɗanda kika riga kika goge kuma, ki ce wa yaron ya ɗora miki wata ƙaramar manhajar WordPress mai suna Redirection, kyauta ce, tana rubuta duk adireshin da ya bada 404 da sau nawa aka danna shi, sai ki karkatar da kowanne zuwa inda ya dace da lamba 301, tsohon link ɗin shadda ya kai mutum sashen shadda. Na taɓa duba wa wata 'yar'uwata irin wannan jerin, wallahi abin ya taɓa min zuciya, link ɗin wata atamfa ce da ta ƙare tun ƙaramar sallah amma kullum sai an danna, ita kuma tana zaune tana cewa kasuwa ta yi sanyi.

Sai shafin 404 ɗin kansa, dan ko ya kika yi sai wani ya faɗa cikinsa, ko link ya yanke wajen kwafa ko an yi kuskuren harafi. A WordPress yana cikin fayil mai suna 404.php na jigon shafin, wato theme ɗinsa, aikin da bai kai awa ɗaya ba ne ga wanda ya iya. A cire wannan busasshen Turancin a rubuta da Hausa yadda za ki yi wa mutum magana a shago: "Yi haƙuri, wannan kayan baya nan yanzu, amma duba waɗannan." Sai akwatin bincike a sama inda ido zai fara sauka, sai sashe uku ko huɗu da aka fi saya, sai maɓallin da zai kai mutum WhatsApp ɗinki kai tsaye, wannan na ƙarshen ni a wurina ya fi sauran muhimmanci dan mutanenmu sun fi yarda da ciniki in sun ji muryar mai kaya. Kar a cika shi da manyan hotuna, wanda netwok ɗinsa ke rarrafe kuma datarsa ta kusa ƙarewa ba zai jira ba.

Maganar bincike kuma, akwai manhajar FiboSearch da ke nuno kaya da hotonsa tun mutum na cikin rubutawa, tana da ta kyauta. Fara da ita. Irin su Algolia da ake biya da dala suna da kyau sosai, amma na masu kaya dubbai ne, in kayanki ɗari biyu ne ko uku asarar kuɗi ce, ga dala yadda take.

Ta biyu daga wani malamin makaranta a Maradi: "Ina rubuta darussa da Hausa a shafina na WordPress, sun kai ɗaruruwa. Ɗalibai na cewa in sun nemi abu a akwatin bincike yana ce musu babu alhali na san na rubuta. In saka binciken Google ne ko in sayi manhajar SearchWP?"

Malam Allah ya ƙara basira, kuma ina kyautata zaton na san inda gizo ke saƙar. Kai kana rubuta ƙwai da ɗalibi da ɓera da haruffa masu lanƙwasa yadda ya kamata, su kuma yaran a wayarsu kwai da dalibi da bera suke bugawa. A wurin rumbun bayanan da WordPress ke aiki da shi ƙ daban k daban, ba kamar é na Faransanci ba da yake ɗauka ɗaya da e. Binciken WordPress na asali kuma harafi da harafi yake kwatantawa, bai san wani ɗan'uwan harafi ba. Ga kuma naku na Nijar, kuna rubuta ƴaƴa mu a Najeriya muna rubuta 'ya'ya, wani ma da ya saba da Faransanci ch zai saka a wurin sh. Gwada da kanka yanzu, nemi kalma da ƙ sannan ka neme ta da k ka ga bambancin sakamakon.

Binciken Google da ake sakawa a shafi, wanda yanzu suke kira Programmable Search Engine, kyauta ne kuma yana haƙuri da kuskuren rubutu, sai dai yana zuwa da talla, kuma abin da Google ya riga ya ɗauka kawai yake nunawa, darasin da ka ɗora yau da safe ba lallai ya fito ba. Tallar ce ta fi damuna, ka sha wahala ka jawo yaro shafinka sannan a nuna masa hanyar fita a saman sakamako.

Ni manhajar bincike ta Relevanssi zan ce ka saka, ta kyautar. Tana jera sakamako bisa wanda ya fi dacewa, tana da wurin haɗa kalmomi masu ma'ana ɗaya, kuma tana ajiye maka abin da mutane suka nema har da wanda aka nema ba a samu ba. Kuɗin da za ka kashe a SearchWP gara ka ba wani mai iya kod ya rubuta maka 'yan layuka da za su mayar da ƙ zuwa k, ɗ zuwa d, ɓ zuwa b wajen bincike kaɗai, rubutunka na nan yadda yake ba a taɓa shi ba. Eh, kafa da ƙafa za su gauraya, haka bata da ɓata, amma yaro ya ga sakamako goma ya zaɓi nasa ya fi a ce masa babu. Kuma dan Allah ka riƙa leƙa jerin abin da aka nema ba a samu ba ko sau ɗaya a mako, ɗalibanka ne ke gaya maka darasin da suke so ka rubuta.

Ta uku gajera ce, daga wani ɗan'uwa mai makarantar koyar da kwamfuta: "Wani yace min kawai in sa duk link ɗin da ya mutu ya riƙa kai mutum shafin farko, ba sai na yi shafin 404 ba. Haka ne?"

Ɗan'uwa ban ba ka shawarar haka ba. Wanda ya danna link ɗin kuɗin rajista ya tsinci kansa a shafin farko ba bayani zai ɗauka wayarsa ce, ya sake dannawa, ya sake, ya gaji. Google ma irin wannan yana lissafa shi a matsayin 404 na ɓoye, za ka gani a Search Console, inda Google ke nuna wa mai shafi matsalolin shafinsa. Wanda yake da madadi na gaskiya ka karkatar da shi can, wanda babu ka bar shi ya bada 404 ɗinsa da shafi mai kyau.

In hostin ɗinka, wato kamfanin da ke ajiye maka shafi, na da allon sarrafawa na cPanel akwai wurin da aka rubuta Error Pages, nan za ka gyara. In kuma da hannu za ka yi a sabar Apache, layi ɗaya ne a fayil ɗin .htaccess: ErrorDocument 404 /404.html. Ka kula ka rubuta shi haka da gajeren adireshi, in ka saka cikakke mai farawa da https sabar za ta karkatar da mutum ne maimakon ta bada lambar 404. Masu Blogger su ma suna da nasu a cikin saitin, sashen kurakurai da karkatarwa. In ka gama ka buga adireshin shafinka a waya ka ƙara wasu haruffan banza a ƙarshe, ka kashe wayfay ka buɗe da data, abin da ka gani shi baƙonka ke gani.