Wa ya faɗa, wa ya tsaya masa? Yanar amana a wurin masu rubuta manhajar kirifto

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Zariya, na fara koyon rubuta manhajar Bitcoin. A zaurukan Telegram da nake ciki, yau wani ya ce an gano ɓaraka a walet kaza (manhajar ajiye Bitcoin), a gaggauta sauke sabuwa, gobe wani ya ce ƙarya ne. Kuma kusan kowa da sunan aro yake magana. Na ji ana cewa yanar amana ce maganin wannan ruɗani. Mece ce ita, kuma da gaske tana kashe ƙarya?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Tana rage wani nau'in ƙarya sosai, wani nau'in kuma ko gezau ba ta sa shi. Sanin bambancin shi ne rabin aikin.

Asalin abin daga Phil Zimmermann ne, Ba'amurken da ya fitar da PGP, manhajar ɓoye saƙo da sa masa hannu, a 1991. Kowane mutum yana da makulli biyu: na sirri da yake ɓoyewa, da na fili da yake rabawa. Idan ya sa hannu a saƙo da na sirrin, duk mai na filin zai iya tabbatar da cewa daga gare shi saƙon ya fito, kuma ko wasali ɗaya ba a canza ba. Saura tambaya ɗaya: ya aka yi ka san makullin filin nan nasa ne, ba na ɗan damfara ba? Maimakon a naɗa wata hukuma ta riƙa ba da shaida, sai aka ce mutane su shaidi juna. Na haɗu da kai ido da ido, na duba makullinka, na sa masa hannu. Wanda ya yarda da ni ya sami hanyar yarda da kai ke nan, kuma wannan ita ce yanar amana.

Duk wanda ya zauna gaban malamin hadisi ba zai ga baƙon abu a nan ba. Isnadi ne: wane ya karɓa daga wane, kuma kowane mai ruwaya an san halinsa. Malaman ma sun riga mu gano cewa ingancin isnadi dabam, binciken matani dabam. Ka riƙe wannan, za mu dawo gare shi.

Ga inda yanar take aiki. A Disambar 2018, wasu ɓarayi suka cika hanyar sadarwar walet ɗin Electrum da sabobinsu na bogi, wato kwamfutocin da walet ke tuntuɓa. Mutum zai zo tura kuɗi, sai saƙo ya fito masa a cikin walet ɗin kansa cewa dole ya sauke sabuwar manhaja, ga adireshi. Waɗanda suka sauke aka kwashe musu Bitcoin. Irin saƙon da kake gani a Telegram ke nan, sai dai wancan ya fi iya shiga. Alhali masu Electrum suna sa hannu a duk manhajar da suka fitar, kuma ta ɓarayin ba ta ɗauke da wannan sa hannu. Mintuna kaɗan na dubawa sun isa su tona asirin.

Masu Bitcoin Core, babbar manhajar da ke tafiyar da Bitcoin, sun ƙara wani mataki da ya fi burge ni. Ba mutum ɗaya ne ke harhaɗa manhajar ya ce ku sauke ba. Mutane da dama, a ƙasashe daban-daban, kowa ya ɗauki rubutun manhajar ya harhaɗa a kwamfutarsa, kuma an tsara aikin yadda sakamakon kowa zai fito iri ɗaya sak. Sannan kowa ya sa hannu a kan abin da ya samu. Da wata manhaja mai suna Gitian ake yin wannan a da, daga fitowa ta 22.0 a Satumbar 2021 aka koma Guix. Mai son cusa mugun abu a wurin harhaɗawa sai ya sayi dukkansu, ko ya yi wa dukkansu kutse. Ɗalibin hadisi zai ce an kusa mutawatiri.

To amma sa hannu yana gaya maka wa ya yi magana ne kawai. Bai ce maganar gaskiya ce ba.

A Mayun 2016, Craig Wright, ɗan Ostireliya, ya fito ya ce shi ne Satoshi Nakamoto, wanda ya ƙirƙiro Bitcoin. Da shi kaɗai ya faɗa, da dariya za a yi. Sai Gavin Andresen ya ce sun haɗu a Landan, ya ga hujja, ya gamsu. Gavin kuwa ba ƙaramin mutum ba ne, shi ya jagoranci manhajar bayan Satoshi ya ɓace. A yanar amanar lokacin, da wuya ka sami zaren da ya fi nasa kauri. Duk da haka, da Wright ya wallafa hujjarsa, cikin sa'o'i masana suka nuna cewa sa hannun da ya kawo kwafowa aka yi daga wata tsohuwar hada-hada ta 2009 wadda kowa ke iya gani. A take aka janye ikon Gavin na shigar da gyara a manhajar, don har an yi zaton kutse aka yi masa. Daga baya shi da kansa ya ce ya yi kuskuren yarda da mutumin. Sai a Maris 2024 Babbar Kotun Landan, ta bakin Mai Shari'a Mellor, ta yanke cewa Wright ba Satoshi ba ne. Gavin bai yi ƙarya ba, ruɗarsa aka yi. Abin da ya ceci masu Bitcoin shi ne ba su tsaya ga darajar mai ruwaya ba, sun koma sun auna matanin da kansu.

Akwai kuma mai haƙurin gina suna don ranar cin amana. Wannan ba a kirifto ya faru ba, amma duk mai rubuta manhaja ya kamata ya san shi. Wani mai kiran kansa Jia Tan ya yi kusan shekara biyu yana taimakon manhajar xz, ta matse fayiloli, da gyare-gyare masu kyau, wasu asusun da ba a san masu su ba kuma suna ta matsa wa mai kula da ita, Lasse Collin, cewa ya yi sanyi, ya nemi mataimaki. Jia Tan ya sami iko, ya dasa ƙofar baya, wato ɓoyayyar hanyar kutse. Injiniya Andres Freund ne ya gano a ƙarshen Maris 2024, don kawai ya lura shiga wata na'ura na ɗaukar kusan rabin daƙiƙa fiye da yadda aka saba. Yawan baki ba shaida ba ne a wurin da mutum ɗaya zai iya buɗe asusu hamsin kafin la'asar. Shi ya sa yanar amana ta ƙwarai ba ta ƙirga kawuna, tana tambaya ne: cikin waɗanda ni na sani, wa ya tsaya wa wannan?

Rigimar ra'ayi kuwa ba ta da magani a nan. A rikicin girman bulo (ƙunshin hada-hadar da Bitcoin ke rubutawa a lokaci guda) na 2015 zuwa 2017, wanda ya haifi Bitcoin Cash, kuɗin da ya ɓalle daga Bitcoin, kowane ɓangare yana da amintattunsa, kowa yana kiran maganar ɗaya farfaganda. Idan ka toshe kunne ga duk wanda ba ya cikin yanarka, ɗarika ka kafa. A Satumbar 2018, mummunar ɓarakar Bitcoin Core da za ta iya ba da damar ƙirƙirar Bitcoin na bogi, wani mai aiki a ɓangaren Bitcoin Cash ne ya fara kai rahoton matsalar da ta kai ga gano ta.

Kai a matsayinka, fara da koyon GPG, manhajar kyauta mai aiki irin na PGP, a makon nan. Ka samo lambar shaidar makullin masu walet ɗinka daga wurare biyu ko uku da ba su da alaƙa da juna, ka ajiye, kada ka sake girka wata manhajar kuɗi ba ka duba sa hannu ba. Duk saƙon da ya haɗa tsoro da gaggawa da adireshin saukewa, ka bar shi ya kwana tukuna. Idan an ce an gano ɓaraka, nemi sanarwar a ma'ajiyar manhajar ta GitHub, shafin da ake ajiye rubutun manhajoji, ka ga ko waɗanda suka daɗe suna aikin sun tabbatar. Sunan aro kuma kada ya dame ka. Satoshi ma da shi ya yi aiki. Abin dubawa shi ne shekara nawa makullin nan ya yi yana sa hannu, da irin aikin da ya bari a baya. In kuna da 'yan'uwa masu koyo a nan Zariya, ku haɗu ku duba makullan juna ku sa hannu, kowa da katin shaidarsa.