Ƙirjin agwagwa da miyar rumman

Tambaya: Anti sannu da aiki, daga Jidda nake. Maigida ya siyo ƙirjin agwagwa, na soya ya fito tauri ga ƙarni, don Allah ya ake yi?

Amsa: 'Yar uwa wutar ce ta miki yawa. Ki fara wanke shi da lemon tsami da citta saboda ƙarnin, ki tsane shi sosai, sai ki tsattsaga fatar da wuƙa amma kar ki taɓa tsokar, ki sa gishiri. Ki kifa fatar a kasko mai sanyi ba mai ko ɗigo, agwagwa kitsenta ya isheta, wuta ƙasa ƙasa kamar minti 12 kina tsiyaye man har fatar ta yi ja, ki juya minti 4, ki sauke ki barshi ya huta minti 5 kafin ki yanka.

Miyar kuwa ni rumman ɗin garin Ɗa'if na Saudiyya nafi so wallahi, in lokacinsa ne. Ruwansa kofi ɗaya, zuma cokali ɗaya, a kaskon nan dai ki barshi ya yi kauri. In babu, lemon zaƙi ma yana yi. Da farar shinkafa yafi tafiya.