Noman koko a Ghana: kudu ko arewa?

Malam, ka tambaya ko koko zai yi maka a wajen Tamale, a arewacin Ghana, tunda ƙasa ta fi arha a can. Ba zai yi ba. Koko bishiyar kurmi ce, tana son inuwa, laima da damina biyu a shekara, irin na yankin Ashanti da yammacin ƙasar. Arewa damina ɗaya ce, sai dogon rani. Can kaɗanya, gyaɗa, dawa da doya suka fi karɓuwa.

In ka nufi kudu, shirya jiran shekara 3 zuwa 5 kafin girbin farko, kuma hukumar koko ta Ghana, wato COCOBOD, ce ke yanke farashi, ba kasuwa ba. Kada ka ba da kuɗin gona a kan alkawarin baki, domin yawancin ƙasar tana hannun sarakuna da dangi. Nemi lauya ya duba takardun, sannan malamin gona ya gwada ƙasar, musamman inda masu haƙar zinare suka taɓa ratsawa.