Nisan Paris da Tsibirin Reunion: Amsa ga Ɗalibi Mai Shirin Tahowa

Ƙanena, na ga saƙonka inda ka ce ka samu gurbin karatu a Jami'ar Reunion, kana kuma tambaya ko za ka iya riƙa leƙa yayanka da ke Paris a ƙarshen mako, tunda duk ƙasar Faransa ce. Ina taya ka murna, amma gara ka cire wannan lissafi daga ranka tun kafin ka ɗaure kaya.

Gaskiya ne Reunion yanki ne na Faransa, tun shekarar 1946 take da matsayin lardi, kuma yuro ake kashewa a can. Sai dai tsibiri ne a yammacin Tekun Indiya, kimanin kilomita 700 gabas da Madagaska, kuma tsakaninsa da Paris akwai fiye da kilomita 9,300. Jirgin da ba ya yada zango ko'ina yana shafe wajen awa 11 a sama kafin ya sauka a filin jirgin Roland Garros da ke kusa da Saint-Denis, babban birnin tsibirin. Don ka gane girman abin, daga Paris zuwa New York bai kai kilomita 6,000 ba, ga shi kuwa wannan tafiya ta cikin gida ake kiranta.

Yawancin jiragen da yamma ko da dare suke tashi, su ƙetare Bahar Rum, su bi ta gabashin Afirka, sai gari ya waye sannan ka hango duwatsun tsibirin ta taga, ƙafafunka sun kumbura saboda zama. Agogon can yana gaban na Paris da awa 2 a lokacin zafin Turai, da awa 3 a lokacin sanyi, saboda haka gajiyar ta zama ce fiye da ta rikicewar barci. Air France da Air Austral da Corsair da French bee duk suna bin wannan hanya, wasu daga filin jirgin Orly, wasu daga na Charles de Gaulle, duka biyun a Paris, kuma ya kamata ka duba tikitinka da kyau, domin sauya fili a Paris da manyan akwatuna ba ƙaramin aiki ba ne. Tikiti mafi araha sau da yawa ba ya haɗawa da kuɗin kaya.

Abin da ya fi nisan ciwo, a ganina, shi ne lokacin da za ka samu hutu. A watannin Yuli da Agusta, da kuma Disamba zuwa Janairu, kowa ke son tafiya, kuɗin tikiti sai ya yi tashin gwauron zabi. Hutun Disamba kuma yana faɗawa cikin lokacin guguwar teku, wanda ke kamawa daga Nuwamba zuwa Afrilu, kuma idan guguwa ta doso ana rufe filin jirgi har sai ta wuce.

Sai batun takardu. Reunion ba ta cikin yankin Shengen, wato rukunin ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya, don haka bizar gajeren zama ta Shengen ba ta isa ta shigar da mutum tsibirin ba. Ka tabbatar an rubuta Reunion ƙarara a takardar neman bizarka ta karatu, ka kuma tsara kuɗinka bisa zuwa Paris sau ɗaya a shekara, in Allah ya hore.