Cokali ɗaya a tukunyar miya

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Ni malama ce a wata kwaleji nan Zariya, ina koyar da ƙididdiga. In na zo kan ɗaukar samfur nakan ce wa ɗalibai kamar ɗanɗana miya ne, cokali ɗaya ya isa ka san gishiri ya ji. To yanzu an zo furojet, kowa sai ya raba takardun tambayoyi wa 'yan ɗakinsu ya ce ai cokali ne. Wlh abin ya dame ni. Ni na ɓata su? In daina misalan ne?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Kar ki daina, misalin ki daidai ne, rabinsa kawai yaran suka ɗauka. Mace ba ta ɗanɗana miya sai ta juya ta da ludayi, in ba haka ba man da ya taso sama kawai za ta lasa, gishiri da daddawa suna can ƙasa. Juyawar nan ita ce zaɓen kan mai uwa da wabi, kowa ya samu damar faɗowa cikin cokalin. In an juya, mutum 384 sun ba ki kuskuren da bai wuce kashi 5 ba a matakin amincewa na kashi 95, ko Zariya ce ko Najeriya gaba ɗaya.

Amma abin da yafi ci min rai kullum shine masu cewa yawa yana gyara komai. Yaro ya zo ofis yana murna wai ya samu mutum 1,000, ka tambaye shi a ina, ya ce a gurup na WhatsApp. Haba! Ki kai su kasuwar Sabon Gari su ga kwandon tumatir, manya jajaye a sama, in ka kwashi ɗari daga saman nan ba ka san komai ba game da ruɓaɓɓun da ke gindi, ƙara yarda da ƙarya kawai ka yi. A 1936 mujallar Literary Digest a Amurka ta tara amsar mutum sama da miliyan 2 ta ce ɗan takara Landon zai ci zaɓen shugaban ƙasa, sai ga abokin takararsa Roosevelt ya kwashe jihohi 46 cikin 48. Ɗaya daga cikin dalilan kuskuren mujallar shi ne yawancin sunayen daga littafin masu tarho da masu mota ta ɗebo su. Gallup, wani mai binciken ra'ayin jama'a, da mutanen da ba su kai ko kusa da haka ba ya gano mai nasara.

Sannan ga masu shagunan kwamfuta da ke cusa wa yara lissafin Taro Yamane na fitar da yawan mutanen da za a tambaya, su buga manhajar ƙididdiga ta SPSS su ba su tebur, ba wanda ya tambayi daga ina amsoshin suka fito, mu malamai kuma mu sa hannu don sauri. Mu ji tsoron Allah, da irin alƙaluman nan ake yanke shawarar magani da rabon taki.

Ranar Litinin ki shiga aji da kwano, wake a ƙasa masara a sama, ki ce su ɗiba su ƙirga kafin a juya da bayan an juya.