Amsoshin Tambayoyinku: Karatun Adabin Turanci da Littattafan Jabu

Wata uwa daga Zariya ta rubuto cikin damuwa. 'Yarta ta dage sai ta karanta Turanci da adabi a jami'a, dangi kuwa na cewa karatun ba ya kawo tuwo.

Hajiya, ki kwantar da hankalinki. Yarinyar da ta san abin da take so tun yanzu abin godiya ce. Ga ABU a ƙofar gidanki, BUK ma na da sashen. Ki dai tabbatar tana da kiredit a darasin adabin Turanci a WAEC ko NECO, kuma ta saka shi cikin darussanta na JAMB, don a nan ake yawan yin tuntuɓe. Ba zan yi miki alƙawarin arziki ba, amma koyarwa da jarida da fassara da tace rubutu duk sana'o'i ne na rufin asiri. Allah ya yi mata albarka.

Wani saurayi daga Gombe yana tambaya ko ya biya naira dubu 25 don kwas na mako biyu a WhatsApp, wai har da satifiket na zama marubuci.

Haba malam! Wane mawallafi ne ya taɓa neman satifiket kafin ya karanta labari? Abubakar Adam Ibrahim, wanda ya ci kyautar adabi ta NLNG ta dala dubu 100 a 2016, aikin jarida ya karanta a Jami'ar Jos. Nemi reshen ƙungiyar marubuta ta ANA mafi kusa da kai, ka karanta rubutunka a gaban mutane su yi maka gyara. Kuɗin kuma ka sayi littattafai.

Wani ɗalibi ɗan aji biyu an ba shi jerin littattafai 12, ya kuma ga wasu a kasuwa a rabin kuɗi.

Ɗana, na san aljihun ɗalibi, amma wannan araha ba ta ado. Yawancinsu na satar fasaha ne. Ɗaga littafin ka duba: takarda shara-shara har kana hango rubutun bayanta, tawada ta dushe a nan ta yi kauri a can, hoton bango dishi-dishi, gam ɗin kuwa buɗewa uku ya saki. Na taɓa ganin wanda babi guda ya ɓace, aka maimaita wani a gurbinsa, mai shi bai gane ba sai daren jarrabawa. Kuma a nazarin adabi dole ka kawo lambar shafi, na jabu kuwa sau da yawa ba ya dacewa da na malaminka. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, kai da kake burin zama marubuci ne kake ciyar da ɓarawon marubuta. Wanda ya yi shekaru yana rubutun ko kwabo ba ya samu. Gobe in naka aka buga a ɓoye, wa za ka kai wa kuka? Ku haɗu ku huɗu, kowa ya sayi uku na asali ku riƙa musanya. Ku nemi na hannu wajen 'yan aji uku, ku kuma riƙa shiga laburare, wanda kun riga kun biya kuɗinsa cikin rajista.

Mai tambaya ko taƙaitaccen bayanin intanet zai wadatar maimakon littafin: a'a. Malaminka ma ya karanta wannan bayanin, daga sakin layi na farko zai gane ka.